Ya Kwaikwayi Kukana a Gaban Shugabata

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa na yi dacen miji, ku gyara zama, yau za ku ji abin da ya faru ranar Alhamis. Wanda kuma yau ya fara karanta ni, sunana Abeni Oyelakin, shekarata talatin da huɗu, ina zaune da mahaifiyata a saman bene a unguwar Surulere ta Legas, kuma ban yi aure ba. Wannan na ƙarshen shi kaɗai dangina suka riƙe game da ni.

Har gobe in aka tambayi Mami, wato mahaifiyata, aikin da nake yi, cewa take, "Magani take sayarwa." Ba na sayar da komai. Harhaɗa magunguna na karanta har na kai digirin dokta, yanzu kuma ni ke shugabantar jakadun kimiyya na wani kamfanin magani. Mu ne muke zama da manyan likitoci a kan sakamakon bincike, su yi tambaya mu nemo amsa, su faɗi abin da suke gani a jikin marasa lafiya mu kai wa kamfani. Ko farashi an hana mu ambata. Mutum biyar ne a ƙarƙashina, amma kujerar riƙon ƙwarya ce. Shugabata, Madam Nyokabi, ita za ta zo daga Nairobi a ƙarshen wata ta ce an tabbatar min ko an sauke ni.

Masu irin kujerata a Legas ba mu da yawa, don haka muna da zaurenmu. Duk bayan wata uku muke haɗuwa a wani otal a Ikeja mu gwada kanmu da juna: likitoci nawa jakada yake gani a wata, kwana nawa tambaya take yi kafin a amsa ta, ma'aikata nawa suke gudu a shekara. Ana cire sunaye, sai dai ka ji Kamfani na Ɗaya, Kamfani na Biyu. Dokar zauren guda ce, abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake mutuwa.

Wanda ya kafa zauren shi ne Dokta Diran Fijabi. Cikakken likita ne, shugaban jakadun wani kamfani da ya ninka namu. Dogo, ga 'yar furfura a gemu wadda na tabbata shi yake nuna wa mai aski wadda za a bari. Ya taɓa aure sun rabu. Ranar da na fara zuwa ina raɓe-raɓe kamar wadda ta shigo biki ba gayyata, shi ya ja min kujera ya ce, "Nan ba mai cin wani, ƙanwata. Ciwonmu ɗaya." Ba a daɗe ba ya daina ce min ƙanwata. Can kuma sai ga shi a falonmu da farar babbar riga sabuwa fil, ya kwanta rub da ciki irin gaisuwarmu ta Yarbawa a gaban Mami a kan tayil ɗin da ban ma share ba.

Mami, Alhaja Sidikat, dillaliyar leshi ce a kasuwar Balogun, kuma yadda take auna yadi haka take auna mutum. Da ya tafi ta leƙa motarsa ta taga har ta sha kwana, sannan ta juyo.

"Wannan leshi ɗan Siwis ne, ba jabu ba. Ke kuma kin fara kwanan shago, launinki ya fara koɗewa. In kika bari ya wuce, ki nemi wata uwar."

Daga ranar sunansa ya koma Dokitana. Tsokar da ta fi kowace girma a miyar efo ta Dokitana ce. Ƙanwata Bisola, mai 'ya'ya uku, ta shiga turo min hotunan gwaggwaro safe da rana, wai in zaɓi ɗaurin da za a yi min. An tsayar da Asabar ɗin ƙarshen wata danginsa su zo gaisuwa.

Matsala ɗaya ce. Kamfaninsa da namu gasa suke yi a maganin ƙoda, kuma duka biyun ba sa yarda miji da mata su riƙe irin wannan kujerar a gidaje masu gasa. Dole ɗaya ya matsa. Da na tayar da zancen, dafa kaina ya yi ya ce, "Bar wannan a hannuna." Ni kuma daɗi ya kama ni. Ku yi dariyarku, na yafe.

Wata Juma'a ya ɗauko ni daga ofis, ruwa ya tsare mu a kan babbar gada, motoci ko motsi ba sa yi. Ranar na dawo daga wani asibitin koyarwa inda na je ganin wani farfesan ƙoda da ya hana yarana na wurin aiki shiga ofishinsa. Na kwana biyu ina shiri. Ina fara magana ya tambaye ni a ina na yi karatun likita. Na ce magunguna na karanta. A gaban ɗalibansa ya mayar min da takarduna ya ce, "Ni da likitoci nake magana. Koma ki ƙirga ƙwayoyi, ki turo min oganki." Na yi ta cewa ka yi haƙuri, sa, kamar wadda ta fasa masa kofi. Na zagaya bayan ɗakin janareta na yi kuka.

Ni tun ina yarinya in kuka ya zo min da shaƙuwa yake zuwa. Ina ba Diran labarin kukan ya dawo, shaƙuwar ma ta dawo. Na gaya masa har abin da ban gaya wa kowa ba: cewa biyu daga cikin yarana suna neman aiki a wani wuri, cewa in na ga sunan Madam Nyokabi a waya sai ta kusa tsinkewa nake ɗauka. Ya miƙo min hankicinsa mai ƙamshi, ya sauke gilashi ya sayo min soyayyar ayaba a hannun masu talla, ya ce, "Daga ni sai ke, Gimbiya."

To mu dawo ranar Alhamis.

Na sa riga da siket na adire mai shuɗin baba, na yi ɗauri ƙarami, na ɗauko takalmin nan mai tsini da ke cin diddige amma yana ƙara min tsawo a gaban maza. Ina shan koko a tsaye saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, yau ina da baƙuwa ta musamman a zaure. Ki zo da murmushinki."

"Wace ce?"

Ya turo min 'yar fuskar nan ta waya mai ɗinkakken baki.

Mami na leƙen wayar ta kafaɗata. "Dokitana ne? Ki ce ina gaishe shi. Kuma wannan siket ɗin ya nuna duk shekarunki, amma je ki."

Ɗakin taron sanyi kamar firji, an jera shayi da cincin da samosa a gefe. Ina shiga na ga mace zaune a kan teburi kusa da Diran, gashinta a aske, tabarau a saman goshi. Madam Nyokabi ce. Na ja kujera na zauna.

"Abeni," ta ce, "na ga kin yi mamaki. Na ɗauka ya gaya miki. Ya roƙe ni in zo da wuri in faɗa muku yadda muke yi a gabas."

Ba a taɓa kawo shugaban wani cikin zauren ba. Na kalli Diran, ya kashe min ido ɗaya. Zuciyata ta ce min ƙila yabona zai yi a gabanta. Kun ga irin wautar da so yake sa mutum.

Ta yi nata jawabin aka tafa. Sannan ya tashi ya haska alƙaluma a bango. Kamfani na Biyar mu ne. A yawan ganin likitoci muna can ƙasa, na san da haka, ƙungiyata sabuwa ce. A saurin amsa tambaya kuwa mu ne a sama, kuma nan nake jira a zo. Ya wuce shafin kafin ido ya sauka a kai.

Ya kashe injin, ya zauna a gefen teburi, ya naɗe hannun rigarsa.

"Lamba ba ta da daɗi sai an sa mata fuska. Bari in ba ku labarin wata baiwar Allah. Ba zan kama suna ba, kun san dokarmu."

Ya fara da farfesan. Ya kumbura ƙirji, ya sauke murya, ya ce koma ki ƙirga ƙwayoyi. Aka yi 'yar dariya. Sai ya tsuke kafaɗu, ya kama kunnensa na dama yana murzawa yadda nake murza ɗan kunnena in na rikice, ya sirance murya: "Ka yi haƙuri, sa. Ka yi haƙuri, sa." Dariyar ta ƙaru. Ya ce ta zagaya bayan ɗakin janareta. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, sannan ya yi shaƙuwa. Irin tawa sak, da 'yar ƙarar da take fita a ƙarshe. Wani har ya ƙware da shayi.

Mata uku ne a ɗakin ban da baƙuwa, kuma ni kaɗai ce ba likita ba. Ba wanda ya kalle ni. A nan na gane kowa ya sani, don da ba su sani ba da wani ya kalle ni ko bisa kuskure.

"Yanzu haka yaranta biyu na neman hanyar gudu," Diran ya ce, yana goge ido. "Tambayata ga zaure ita ce, wadda farfesa ya ƙi buɗe wa ƙofa, ta yaya za ta buɗe wa na ƙasa da ita?"

Suka hau tattauna ni kamar mara lafiyar da aka zagaye gadonta. Wannan ya ce a tura ta horo. Wancan ya ce horo ba ya ba mutum abin da makaranta ba ta ba shi ba. Wani ya ce a gaskiya akwai kujerun da sai likita, mu daina yaudarar kanmu. Madam Nyokabi ta sauko da tabaraunta kan hanci tana juya cokali a kofi.

Na ce a raina in na yi shiru zai wuce. Sai na ji sunana.

"Dokta Oyelakin, ke ma ta ɓangaren magunguna kika fito. Wace shawara za ki ba wannan baiwar Allah?"

Yana murmushi. Murmushin da yake yi wa Mami in ta ƙara masa nama.

Ina da amsa, wallahi ina da ita. Na so in ce a koma shafin da ka tsallake. Na miƙe zaune, na buɗe baki, abin da ya fito shaƙuwa ce.

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon, kuma da sun yi da ya fi min sauƙi. Na ɗauki jakata na fita, takalmin nan yana ƙwas ƙwas a kan tayil kamar yana sanar da kowa.

A banɗaki Dokta Uloma ta same ni. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ita nake kira Anti, ita nake tambaya in aiki ya cushe. Ta ajiye jakarta a gefen madubi ta ciro jan baki.

"Kada ki ɓata hodarki, ƙanwata. Tun jiya ya bi mu ɗaya bayan ɗaya a waya. Ya ce amaryarsa yake son cirewa daga rana, mu taya shi. Ni na ɗauka da saninki."

"Anti, ke kika fi kowa dariya."

"Ya iya kwaikwayo, ya zan yi?" Ta matse leɓɓanta ta duba haƙora. "Ke kin samu likita mai gida a Lekki, unguwar masu kuɗi, mu da muka riƙe kujerar me muka tsinta? Af, yaran nan naki biyu, ki ce su neme ni. Ina da gurbi."

Ina fitowa na tarar da Madam Nyokabi a baranda tana jiran motarta. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga min hannu.

"Kukan bai dame ni ba. Ba bayan asibitin da ban yi kuka ba a Nairobi. Abin da ya dame ni, abokin gasarmu ya san ma'aikatana biyu za su tafi, ni sai a bakinsa na ji. Me kuma ya sani?"

Motarta ta iso ta tsaya a gabanmu.

"Litinin ki same ni a ofis," ta ce, ta shiga mota.

Shi kuma yana jingine da motata a wurin ajiye motoci, hannu a aljihu.

"Gimbiya, fushi aka yi?"

"Matsa min."

"Tsaya ki ji. Da na ce ki ajiye aikin nan, za ki ajiye? Shekara biyu za mu yi muna gardama, ki ce me ya sa ba ni ba. Yanzu ga shi an gama kafin abincin rana. Ba wanda ya mutu."

"Ka ce daga kai sai ni."

"Kuma ban kama sunanki ba. Ki tambayi kowa."

"Ka kwaikwayi kukana, Diran."

Ya yi 'yar dariya, ya sunkuyo kamar zai faɗa min sirri. "Amma na iya, ko? Kada ki damu, nan da shekara ke da kanki za ki riƙa ba baƙi labarin a falonmu. Zan buɗe miki kantin magani a ƙasan gida, ki zama madam, ba farfesan da zai sake ɗaga miki murya." Ya buɗe min ƙofar motata da kansa. "Zan biyo da yamma. Ki ce wa Alhaja ta ajiye min amala."

Ban san yadda na tuƙa zuwa Surulere ba. Abin da na sani, duk hanya Mami nake tunani. Bakinta da kaifi, amma ita ce ta taɓa zuwa makarantarmu da zani ɗaya a ƙirji don wani malami ya mare ni. Na ce yau Dokitana zai ga asalin Alhaja Sidikat.

Na tarar ta baje lesuka a kan kujeru, ruwan zuma da ruwan goro da wani mai duwatsu, fanka na kaɗa gefensu. Tukunyar miyar wake, gbegiri, na tafasa a kicin. Na zube a gabanta da takalmina na gaya mata komai, tun daga gada har shaƙuwa. Ba ta katse ni ba. Tana ta ninke mai ruwan zuman, tana daidaita bakinsa da haɓarta.

Da na gama ta ce, "Har da shaƙuwar ya yi?"

"Har da ita, Mami."

"Hm. Wannan kam ban ce masa ba."

Na ɗago.

"Da asuba ya kira ni," ta ce. "Ya ce yau zai sauke miki kayan da kika ɗora wa kanki. Na sa masa albarka. Ke me kike so in yi? Tun kina da ashirin da biyar nake saya wa 'ya'yan mutane anko. A masallaci in an ce a yi wa masu neman miji addu'a, ni ake waiwaya. Digiri uku kika jera min a bango, wanne ne ya taɓa ce min kaka?"

"Aikina ne, Mami. Shekara goma na yi ina hawa."

"To kin sauko. Mutanen da suka yi miki dariya gobe sun manta, ni kuwa da ke zan kwana." Ta ɗora min leshin a kafaɗa, ta ja baya tana kallo. "Wannan ya fi haska ki. Ya ɓoye ramar wuyan."

A ƙasa aka yi hon sau biyu, irin nasa.

"Tashi ki wanke fuska. Kuma in ya shigo gwiwa biyu za ki sa a ƙasa, ba wannan ɗan rusunawar ta 'yan boko ba."

Na san abin da kuke so in ce. Kuna so in ce na watsa masa gbegiri a babbar riga. Ban yi ba. Na wanke fuskata da ruwan sanyi, na sake hoda, na zizara kwalli. Da ya shigo da ledar tuffa da inabi a hannu, na sa gwiwa biyu a ƙasa na ce sannu da zuwa. Mami ta yi ajiyar zuciya har sai da na ji ta.

Ina durƙushe ina kallon takalminsa mai sheƙi, wani abu ya faɗo min. Duk cunkoson da muka sha a motarsa, in na faɗi magana ɗaya shi goma yake faɗa. Diran mutum ne mai son a saurare shi. Ya gaya min yadda alƙaluman Kamfani na Ɗaya, wato nasa, suke kaiwa sama. Ya gaya min wane farfesa ne yake kai wa me, da sunan da yake kiran kowane ɗan zauren in ba ya nan, har Anti Uloma. Ni kuwa sauraron manyan likitoci in riƙe abin da suka faɗa, shi ne sana'ata.

"Ka yi gaskiya ɗazu," na ce. "Na huce."

"Ban gaya miki ba, Alhaja? Yarinya ce mai hankali."

"Alfarma ɗaya nake nema. Zaure na gaba, wa zai yi jawabi?"

"Ba a sa kowa ba tukuna. Amma kafin lokacin ai kin ajiye aiki."

"Shi ya sa. Ina so in yi musu bankwana, in gode maka a gaban kowa."

Fuskarsa ta washe. Ya kalli Mami, ya gyara zaman hularsa. "A farko zan sa ki ko a ƙarshe?"

"A ƙarshe, in kowa ya zauna. Kuma ka bar ni ni ma in gayyato baƙo na musamman."

"Wa ke nan?"

Na ɗora yatsa a kan leɓena. Ya fashe da dariya, ya ce ashe ina da wasa. Ni kuwa shugabansa nake nufi.

Daga kicin Mami ta ce in kawo wa mijina ruwa ya wanke hannu. Na ɗauko kwano da buta na sake durƙusawa. Ya miƙo hannayensa biyu, na zuba masa a hankali, ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba.